Waƙar Tumatir da Kwanon Gida: Raddi ga Masu Cewa Talabijin Ya Ɗauke Mana Nauyin Koyarwa

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin iyaye da yawa cikin Hausawan Makka, daga Shara Mansur har Misfala da Jarwal, kuma ana yin irinta a Kano da Maraɗi. Cewa ake yi tashoshin waƙoƙin yara makaranta ce da ta shigo har cikin ɗaki. Uwa za ta gaya maka cikin farin ciki cewa ɗanta bai rufe shekara uku ba amma ya iya jera launuka, ya san tumatir da karas da madara suna gina jiki, ya san ana wanke hannu kafin a ci abinci, alhali babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Daga nan sai hukunci ya biyo baya: tun da abin ilimi ne, yawansa alheri ne. A kunna masa da safe, a bar masa da rana, in lokacin cin abinci ya yi a jingina waya a jikin kwano, domin waƙar da ke yabon kayan lambu ita za ta sa ya so kayan lambu.

Ba sakaci ne ya kai iyaye ga wannan ra'ayi ba, kuma ba adalci ba ne a yi musu raddi kafin a faɗi hujjarsu yadda take. Makka gari ne mai tsananin zafi. A watan Yunin 2024, lokacin aikin Hajji, ma'aunin zafi a Masallacin Harami ya kai digiri 51.8. A irin wannan yanayi ba a sakin yaro ya fita wasa ƙofar gida da hantsi. Gidaje da yawa ɗakuna ne a kan bene, babu tsakar gida, babu inuwar bishiya. Maigida yana wajen nema, aikinsa kuma yana ninkuwa a Ramadan da lokacin Hajji. Uwa ga girki, ga wanki, ga goyo. In ta samu abin da zai riƙe mata yaro na ɗan lokaci ba tare da ya koyi ashar ko rashin kunya ba, wa zai ga laifinta?

Abin da ake kunna wa yaran kuma ba shirme ba ne. Tashar Toyor Al Janah, wadda Khalid Maqdad ya kafa a 2008 kuma take aiki daga Amman a ƙasar Jodan, ta yi suna ƙwarai a gidajen Saudiyya, kuma cikin waƙoƙinta da suka fi yaɗuwa har da wadda jan tumatir yake gabatar da kansa ga yara. Tashar Karameesh ta biyo baya a 2009 da irin wannan salo. Waƙoƙi da yawa ana fitar da su kashi biyu, mai kiɗa da marar kiɗa, domin gidajen da ba sa son kiɗa. Kafin su duka an yi shirin Iftah Ya Simsim, wanda aka fara nunawa a 1979 daga Kuwait aka kuma farfaɗo da shi a 2015, kuma da yawa daga iyayen yau a Makka da shi suka tashi. A can gida Najeriya ma an yi Sesame Square a 2011, daga baya aka mayar da shi Hausa da sunan Dandalin Sesame. A 2013 wasu masana biyu na Jami'ar Wisconsin a Amurka, Marie-Louise Mares da Zhongdang Pan, sun tattara bincike 24 da aka yi kan yara fiye da 10,000 a ƙasashe 15, suka ga yaran da ke kallon ire-iren waɗannan shirye-shirye na Sesame suna ƙaruwa a haruffa da ƙirga da sanin kiwon lafiya. Wannan gaskiya ce, kuma ban zo in musanta ta ba.

Inda na rabu da 'yan uwana iyaye shi ne wurin da suka ɗauki wannan gaskiyar suka ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Yawancin yaran da aka yi wancan bincike a kansu sun haura shekara uku, shirye-shiryen kuma malaman tarbiyya ne suka tsara su aka gwada su kafin a watsa. Mu kuwa muna maganar ɗan wata goma sha takwas da aka zaunar gaban waƙoƙi suna bin juna a YouTube har ya yi barci.

Mu fara da launi, tun da shi ne hujjar da aka fi kawowa. Yaron da ya iya rera sunayen launuka a jere ya haddace sauti ne, kuma haddar sauti baiwa ce da Allah Ya ba ƙananan yara tun da wuri. Sanin launi wani aiki ne dabam mai wuya. Sai yaro ya gane cewa akwai wani abu guda da ya haɗa tumatir da hular babansa da ƙofar maƙwabta, duk da sun sha bamban a girma da siffa da amfani, sannan ya cire wannan abu shi kaɗai ya ba shi suna. Shi ya sa sunayen launi suke cikin kalmomin da yara ke jinkirin riƙewa daidai, ko da sun daɗe suna furta su. Charles Darwin ya rubuta a 1877 cewa 'ya'yansa sun sha wahalar kiran launuka daidai har ya yi zaton idonsu ba ya bambance launi. Duk uwar da ke son tabbatarwa tana iya gwadawa yau a gidanta. Ta ajiye kofuna uku masu launi dabam-dabam, ta ce wa yaron ya miƙo mata koren, sannan ta sauya musu wuri ta sake tambaya. Yara da yawa da suka iya waƙar daga farko har ƙarshe za su tsaya suna duban fuskarta, suna neman amsar a idonta. Wannan ba gazawar yaron ba ce. Alama ce cewa darasin bai kammala ba, kuma wanda zai kammala shi mutum ne da zai ce masa a'a, wannan shuɗi ne, sake dubawa.

Dalilin da ya sa na nace kan mutum shi ne abin da bincike ya yi ta nunawa game da jarirai da na'ura. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington sun kawo jarirai 'yan wata tara daga gidajen da Turanci kawai ake yi, suka sa aka yi musu zama 12 da harshen Sinanci. Wasu mutum ne ya zauna gabansu yana musu magana yana wasa da su. Wasu kuma mutanen nan ɗin dai aka ɗauka a bidiyo aka nuna musu. Waɗanda suka zauna da mutum sun koyi bambance sautukan harshen, 'yan bidiyo kuwa sun tashi kamar ba su taɓa jin sa ba. A 2010 Judy DeLoache ta Jami'ar Virginia ta gwada wani faifan koyar da kalmomi da ya yi kasuwa sosai, a kan yara 'yan wata 12 zuwa 18, tsawon wata guda. Yaran da suka kalli faifan ba su fi waɗanda ba su kalla ba. Waɗanda suka fi kowa koyo su ne waɗanda iyayensu suka koya musu kalmomin da baki ba tare da faifai ba. Akwai kuma wani abu a binciken da ya kamata ya sa mu tsaya mu yi tunani: iyayen da faifan ya burge su ne suka fi zaton yaransu sun ƙaru da shi. Son da muke wa abu yana iya sa mu jingina masa ci gaban da yaro zai samu ko da babu shi, domin ɗan shekara biyu kullum cikin koyo yake, daga yayyensa, daga baƙi, daga hirar da ake yi a kansa.

Kada a fahimce ni cewa gilashin na'urar ne matsalar. A 2014 Sarah Roseberry da abokan aikinta sun nuna cewa yara 'yan shekara biyu zuwa biyu da rabi suna koyon sababbin kalmomi ta kiran bidiyo kai tsaye, inda mutum yake kiran sunansu yana amsa musu, amma ba sa koyo daga bidiyon da aka riga aka naɗa. Ke nan kaka da ke Katsina tana hira da jikanta a waya tana tambayarsa launin rigarsa ta fi masa waƙa ɗari amfani. Ita tana jin amsarsa tana gyara masa, da Hausa kuma, harshen da yaranmu da yawa a nan suke ji amma bakinsu yake nauyi da shi.

Sai batun abinci, wanda shi ne ya fi damuna, domin kuskure a nan jiki ne yake biya. Hujjar iyaye ita ce yaron da ya ga tumatir yana rawa yana murmushi zai so tumatir. Zai so hoton tumatir, wannan babu shakka. Amma harshe ba ya karɓar labari daga ido. Leann Birch, wadda ta shafe shekaru tana nazarin cin abincin yara a Amurka, ta gwada wannan a 1987: ta ba yara sababbin 'ya'yan itace, wasu a kalla kawai, wasu kuma a ɗanɗana. Kallo ya sa sun so kamannin abin, amma son ɗanɗanonsa bai samu ba sai an kai shi baki, kuma sau da yawa sai an maimaita wajen sau goma ko fiye. A 2003 Jane Wardle da abokan aikinta a Landan sun raba iyayen yara 'yan shekara biyu zuwa shida kashi uku. Kashi ɗaya aka ba su bayanin amfanin kayan lambu, kashi ɗaya aka bar su yadda suke, kashi na uku aka ce su riƙa ba yaron ɗan ƙaramin yanki na kayan lambun da ba ya so, kullum, har kwana 14. Kashi na ukun nan ne yaransu suka fi nuna canji a so da kuma ci. Bayani, ko da ya zo da daɗin murya, bai kai ɗanɗano ba.

Mu Musulmi ba ma buƙatar zuwa Landan kafin mu san wannan. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Umar ɗan Abu Salama, agolan Manzon Allah (SAW), yana yaro hannunsa yana yawo cikin akushi. A nan gaban akushin aka koya masa ambaton sunan Allah, da ci da dama, da cin abin da ke gabansa, kuma ya ba da labari da kansa cewa a kan haka ya ɗore. Sun kuma ruwaito cewa Anas ɗan Malik ya raka Annabi (SAW) walimar wani tela, ya ga yana bin gefen kwano yana tsintar kabewa, tun daga ranar kabewa ta shiga ransa. Ba a yi wa Anas lacca kan amfanin kabewa ba. Ya ga wanda yake ƙauna yana ci ne a kwanon da shi ma yake ci. Yaron da ya ga babansa yana ture salak gefe yana jawo lemon kwalba ya riga ya karɓi darasi, kuma darasin ya fi na kowace waƙa ƙarfi.

A nan ya kamata mu dubi abin da ke kewaye da yaron Makka da idon gaskiya. Waƙar tana yabon madara da karas na minti uku. Bakala, wato kantin da ke ƙasan bene, kuwa a buɗe take har tsakar dare, cike da alewa da cakulan da soyayyen dankalin leda da lemon kwali. Gwangwanin lemon kwalba ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, alhali ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa yaro daga shekara biyu zuwa sama kada ƙarin sukarin da yake sha a yini ya kai giram 25, wanda bai kai biyu ba kuma a nisantar da shi daga ƙarin sukari gaba ɗaya. Hukumomin Saudiyya sun ga girman matsalar, a ƙasar da take cikin waɗanda ciwon sukari ya fi yawa a duniya. A 2017 aka ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari kan lemon kwalba mai gas da kashi 100 kan lemon ƙara kuzari, a ƙarshen 2019 aka faɗaɗa shi zuwa sauran abin sha mai ƙarin sukari, a farkon 2019 kuma aka wajabta wa gidajen abinci rubuta adadin kalori a jerin abincinsu. In gwamnati ta ga sai ta taɓa farashi kafin manya su rage, da wuya waƙa ita kaɗai ta juya zuciyar ɗan shekara uku.

Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Na'urar da ke kawo waƙar karas ita ce ke kawo tallan cakulan, kafin waƙar ko bayanta, kuma masu talla sun fi masu waƙa kuɗi da naci. A 2009 Jennifer Harris da abokan aikinta a Jami'ar Yale sun nuna wa yara 'yan firamare zanen barkwanci, wasu da tallan abinci a ciki, wasu da tallan wani abu dabam, aka ajiye musu biskit a gefe. Waɗanda suka ga tallan abinci sun ci fiye da sauran da kashi 45 cikin ɗari. Uwar da ta kunna waƙa ta shiga kicin ba ta san me ya biyo bayan waƙar ba, domin na'urar ce ke zaɓa.

Al'adar jingina waya a gaban kwano kuwa, wadda ake yi da kyakkyawar niyya don yaro ya ci da yawa, tana rushe ainihin abin da ake nema. Yaron da idonsa ke kan waƙa yana buɗe baki ne ana zuba masa. Bai kalli abincin ba, bai shinshina shi ba, bai taɓa shi da hannu ba, bai san ko miyar kuka ya ci ko ta kuɓewa ba. Cikinsa ya cika, amma sabon da ake so ya yi da abincin bai samu ba, gobe kuma sai an sake kunna masa. Mafi muni, bai koyi jin ƙoshinsa ba, domin hankalinsa yana wani wuri lokacin da cikin ke ce masa ya isa. Ƙoshin lafiya a ci yana farawa ne daga sanin lokacin tsayawa, kuma addininmu ya ba wannan muhimmanci tun kafin likitoci su yi magana.

Wasu iyayen, masu kishin addini, suna ganin da zarar sun zaɓi waƙa marar kiɗa, ko tashar da ke koyar da addu'o'i da ladubba, sun fita haƙƙin yaro. Hukuncin kiɗa na malamai ne, ban kuma shiga gonarsu ba. Abin da nake cewa shi ne cire ganga daga waƙa ba ya rage awannin da yaro ya yi zaune ba motsi, ba ya mayar masa da barcin da ya rasa, ba ya sa waƙar ta ji tambayarsa ta amsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019 cewa jariri da ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da su gaban na'ura, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in an rage ma ya fi. Ba ta ware shiri mai ilimi daga wannan iyaka ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawararta ta 2016, ta ƙara da cewa awar nan ɗaya ta zama shiri mai inganci, babba kuma ya zauna tare da yaron yana fassara masa abin da yake gani.

Wannan zaman tare shi ne wurin da waƙoƙin nan suke da haƙƙinsu, kuma haƙƙi ne babba. Waƙa tana sa kalma ta zauna a kai, tana sa abu ya zama sananne kafin a gan shi. In an gama waƙar tumatir aka kashe na'urar, uwa ta ɗauko tumatir na gaske daga firji ta miƙa wa yaron ya riƙe, ya ji sanyinsa, ta yanka ya ga 'ya'yan ciki, ta ci yanki ta ba shi yanki, to waƙar ta yi aikinta. Makka kuwa ba ta rasa abin nunawa ba. Ga farin harami a jikin alhazai, ga baƙar rigar Ka'aba da zaren zinariya a jikinta, ga koren hasken agogon Harami da dare. Uban da ya ɗauki ɗansa zuwa kasuwar kayan lambu ta Ka'akiyya da sassafe kafin rana ta ɗaga, ya bar shi ya zaɓi rumman ɗin Ɗa'ifa da hannunsa, ya tambaye shi wanne ya fi ja, ya haɗa masa darasin launi da na abinci a tafiya ɗaya. A gida ma, ful da tamis na safe, dabino da nono, zogale da aka kwaɗa da ƙuli, tuwo da miyar taushe, duk suna da launi da suna, kuma ana iya faɗar sunan da Hausa a kuma faɗa da Larabci ba tare da an ƙara ko riyal ɗaya a kuɗin cefane ba.

Na san amsar da za ta zo daga uwar da ta gaji, kuma amsa ce mai nauyi: in na ɗauke wayar ba zai ci ba, zai yi ta kuka har maƙwabta su ji. Haka ne, zai yi kukan, musamman a kwanakin farko, domin an saba masa da wani abu an kuma janye. Abin da ke taimakawa shi ne a fara da cin abinci guda ɗaya a yini, wanda kowa a gidan zai zauna, manya ma su ajiye nasu wayoyin. A zuba masa kaɗan, a sa sabon abu ɗaya kusa da abin da ya saba ci, kada a tilasta masa, kada a yi masa alkawarin alewa in ya cinye, a kuma hana shi ciye-ciyen bakala awa biyu kafin lokacin. Yaro mai lafiya da ya ƙi abincin rana yakan rama da dare. Wanda kuma ƙin cin nasa ya ɗore har yana ramewa, ko yake shaƙewa da abinci, ko ya kai shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu ba, wannan a kai shi asibitin unguwa likitan yara ya duba shi, kada a jira wata waƙa ta gyara.